Tallafin Kuɗi Ba Tare da Sharaɗi Ba a Karkarar Jigawa: Sharhi a kan Gwajin Ƙasar Buji da Abin da Ya Biyo Bayansa

1.0 GABATARWA

Batun da na zo da shi ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar gida, ko ya shiga motar kasuwa tsakanin Dutse da Birnin Kudu. Da zarar aka ce gwamnati ko wata ƙungiya za ta raba wa talakawa kuɗi hannu da hannu, ba tare da an sa su wani aiki ba, ba kuma tare da an ce su biya daga baya ba, sai ka ji jama'a sun rabu gida biyu. Wasu su ce wannan koya wa mutane mutuwar zuciya ne, kuma kuɗin da ba a yi guminsa ba a banza yake tafiya. Wasu kuwa su ce ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a miƙa masa kuɗin kawai, ya fi kowa sanin ramin da zai cike. Galibi dai ba mai kawo hujjar da ta wuce labarin maƙwabcinsa.

Mu a Jihar Jigawa mun yi sa'a ta wannan fuska, domin kuwa an gwada irin wannan tallafi a ƙauyukanmu na tsawon shekaru, aka kuma auna sakamakonsa da ma'aunin da masana tattalin arziki suka yarda da shi. Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wannan gwaji, da yadda aka fahimce shi, da kuma darasin da hukumomi suka ɗauka daga gare shi. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, amfanin da aka gani ya rataya a kan abubuwa biyu: hannun da aka danƙa wa kuɗin, watau matan aure masu kiwo da sana'ar cikin gida, da kuma tabbacin da matan ke da shi cewa kuɗin zai zo kowane wata har wa'adin da aka ambata musu. Shirye-shiryen gwamnati da suka biyo baya sun riƙe na farkon gwargwado, amma sun saki na biyun, shi kuwa shi ne ginshiƙin al'amarin.

2.0 ƘASAR DA IRIN TALAUCINTA

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta. Masarautar Dutse ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai, watau Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne masu dogaro da ruwan damina, suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, waɗanda ke kusa da fadama kuma su taɓa shinkafa da kayan lambu.

Binciken yanayin zaman jama'a da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa suna ƙasa da layin talauci, jihohin Sakkwato da Taraba kaɗai suka ɗara ta. Da hukumar ta sake awo a 2022 da wani ma'auni mai haɗa ilimi da lafiya da muhalli, sai aka sami kashi 84 cikin 100. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuwa ya nuna yara 64 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo tun suna ciki.

Waɗannan alƙaluma sun faɗi yawan talaucin, amma ba su faɗi yadda yake aiki ba. Wadda ta fi bayyana wannan ita ce Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta kuma fitar da littafinta a kan karkarar Hausa a 1972. Ta nuna cewa akwai manomin da talauci ke hana shi noma. Da kaka yakan sayar da hatsinsa da araha domin ya biya bashi, da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare sai ya sayi hatsin da tsada, kuma a daidai makonnin da gonarsa ke bukatar noman farko da maimai, a lokacin ne yake gonar wani yana ƙwadago domin a ɗora tukunya a gidansa. Gonarsa ta yi ciyawa, amfani ya ragu, baɗi kuma a koma gidan jiya. Duk wanda ya san ƙauyukan Kiyawa ko Buji a watan Agusta ya san wannan bayani bai tsufa ba. Ke nan talaucin karkara yana da lokaci, kuma naira ɗaya a tsakiyar damina ta fi naira ɗaya da kaka nauyi. Wannan batu na lokaci za mu sake komawa kansa.

3.0 GWAJIN DA ABIN DA AKA SAMU

A 2013 hukumar raya ƙasashe ta gwamnatin Ingila, wadda a lokacin ake kira DFID, ta ɗauki nauyin wani shiri na tallafa wa rainon yara, wanda aka fi sani da CDGP. Ƙungiyar Save the Children ce ta jagoranci shirin, ta kuma gudanar da shi a Anka da Tsafe cikin Jihar Zamfara, ƙungiyar Action Against Hunger kuwa ta gudanar da shi a ƙananan hukumomi uku na Jigawa, watau Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma. Shirin ya ci gaba har 2019.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Matar da aka tabbatar tana da ciki, kuma mazauniyar ƙauyen ce, sai a rubuta sunanta, a riƙa ba ta naira 3,500 kowane wata tun daga lokacin har ɗanta ya cika shekara biyu. A farkon 2017 aka ƙara kuɗin zuwa naira 4,000. Ba a tambayarta abin da ta yi da kuɗin, ba a kuma yanke mata shi don ta ƙi zuwa asibiti. Tare da kuɗin akwai faɗakarwa ta rediyo, da hotunan bango, da huɗubar Juma'a, da malaman Islamiyya, da kuma 'yan sa-kai na cikin gari, a kan zuwa awon ciki, da ba jariri dakashi maimakon zubar da shi, da shayar da nono zalla har wata shida, da tsabta, da irin abincin da ya dace da yaro in ya fara ci.

Abin da ya sa wannan shiri ya cancanci nazari shi ne yadda aka auna shi. An ɗauki ƙauyuka 210, aka jefa ƙuri'a, wasu suka fara samun tallafin, wasu aka jinkirta musu domin a sami abin kwatance. An bi sawun mata masu ciki kimanin 3,600 tun daga 2014, aka koma musu a 2016, aka sake komawa a 2018. Pedro Carneiro da Imran Rasul da abokan aikinsu suka buga sakamakon a mujallar American Economic Review a 2021. A taƙaice sun sami raguwar tsumburewar yara da kashi 8 cikin 100, kuma raguwar ta ɗore har bayan shekara huɗu. Sun kuma sami cewa matan da suka karɓi kuɗin sun ƙara shiga sana'a, sun sayi dabbobi, yaransu sun ƙara samun abinci mai gina jiki, kuma kuɗin shiga na gidajen ya ci gaba da ɗaruwa bayan an daina biyan tallafin.

Wannan ya isa amsa ga masu cewa kyautar kuɗi na kashe zuciya, aƙalla a irin wannan tsari. Ba kuma a nan kaɗai aka ga haka ba. David Evans da Anna Popova sun tattara bincike daga Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, suka buga a 2017 cewa tallafin kuɗi bai ƙara yawan abin da gidaje ke kashewa a kan giya da taba ba. Sai dai kuma yarda da sakamako daban, yarda da fassarar da ake yi masa daban. A nan ne sharhina ya fara.

4.0 SHARHI

4.1 Kalmar "ba sharaɗi"

Ana yawan kafa hujja da wannan shiri a ce ga shaida nan, a ba talaka kuɗi kawai a ƙyale shi. Wannan fassara ta zarce abin da gwajin ya nuna. Da farko dai akwai sharaɗin shiga, watau ciki. Na biyu, ba a taɓa ba da kuɗin shi kaɗai ba, kullum tare yake da faɗakarwa, su kansu masu binciken sun ce wani ɓangare na amfanin ta hanyar ilimin da matan suka samu ya zo. Na uku kuma, wanda ya fi muhimmanci ga wanda ya san zaman ƙauye, in liman ya hau mumbari ran Juma'a ya ce wannan kuɗi na lafiyar mai ciki da jariri ne, to ya ɗora wa kuɗin sharaɗin da ya fi na takarda ƙarfi, watau na kunya. Magidancin da ya karɓe kuɗin matarsa ya sayi taki ko ya ƙara aure ya san gari zai ji. Saboda haka abin da aka gwada a Buji kuɗi ne mai suna, wanda gari duka ya san na wane ne, kuma na mene ne. Wanda ya tura kuɗi cikin asusun banki a ɓoye, ba liman, ba mai unguwa, ba faɗakarwa, kada ya ce gwajin Buji yake maimaitawa.

4.2 Wane ne "gida"?

Takardun masu ba da tallafi sukan ɗauki gida tamkar mutum ɗaya mai aljihu ɗaya. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Ci da sha da sutura da muhalli haƙƙi ne a wuyan miji, abin da mace ta samu ta hanyar sana'arta kuwa nata ne, shari'a da al'ada duk sun tabbatar mata. Tun a 1969 Polly Hill ta rubuta a kan cinikin ɓoye da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu, ta hanyar 'yan talla. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da fura, da ƙosai, da daddawa, da saƙar tabarma da faifai, da kiwon akuya da tunkiya da kaji, duk wannan tattalin arziki ne mai zaman kansa, abin da ya rasa kawai shi ne jari. Da kuɗin tallafi ya shigo hannun waɗannan mata, ya tarar da hanya a share. A ganina wannan shi ne dalilin da ya sa aka ga ƙaruwar sana'a da kiwo, kuma yabon ya fi dacewa da matan fiye da masu tsara shirin.

To amma wannan rabuwar aljihu tana da wata fuskar. Mu ɗauka alal misali gida mai mata biyu, ɗaya tana da ciki an rubuta ta, ɗayar kuwa autanta ya riga ya shekara ɗaya lokacin da shirin ya zo, ba ta shiga ba. Tukunya ɗaya ce, girki kuma kwana bibbiyu ne. Wa imma mai karɓar kuɗin ta sa shi cikin tukunyar gida kowa ya ci, rabon jaririnta ya ragu, wa imma ta keɓe shi ga ɗakinta, zaman kishi ya ƙara tsami. Haka nan akwai tsoron miji ya janye hannunsa daga cefane, tun da ya ga uwargida na da abin hannu, sai ya zama tallafin ya sauke masa nauyi ne maimakon ya ƙaru a kan abin da yake bayarwa. Ma'aunin tsawon yaro ba ya iya nuna irin wannan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu lura da haka. Jean-Pierre Olivier de Sardan da abokan aikinsa na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun buga nazari a 2014 a kan rabon kuɗi a ƙauyukan Nijar, inda suka nuna cewa ƙa'idojin da masu ba da tallafi ke zuwa da su sukan yi karo da na gari. A wurare da dama matan kan miƙa kuɗin ga mazajensu, wani lokaci a sake raba shi tsakanin jama'a, kuma zaɓen waɗanda za a ba ya haifar da zargi tsakanin maƙwabta, domin a garin da kusan kowa talaka ne, da wuya a gamsar da wanda aka tsallake cewa maƙwabcinsa ya fi shi bukata. Gwajin Buji ya tsira daga mafi yawan wannan zargi saboda ma'auninsa a fili yake, ciki ba ya ɓoyuwa. Amma tsirar tana da farashi. Tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani ba su dawo ba, da bazawara mai marayu, da dattijon da ƙarfinsa ya ƙare, waɗanda sau da yawa su ne ƙarshen talauci a ƙauye, ba su da hanyar shiga. Shirin na rainon yara ne, kuma kuskure ne a ɗauke shi maganin talaucin gidaje baki ɗaya.

4.3 Lissafin kashi takwas

Akwai ruɗani a yadda ake faɗin sakamakon, kuma ya kamata mu malamai mu warware shi. Raguwar kashi 8 cikin 100 ba tana nufin yara takwas cikin kowane ɗari sun tsira ba. Kashi takwas ne na waɗanda da za su tsumbure. In muka ɗauki adadin jihar na 2018, watau 64, kashi takwas ɗinsa kimanin yara biyar ne. Ke nan bayan an ba uwa kuɗi fiye da shekara biyu, an kuma faɗakar da ita, har yanzu fiye da rabin yaran tsumburarru ne. Yara biyar cikin ɗari ba abin rainawa ba ne, in aka tuna dubban gidajen da abin ya shafa. Amma sauran da suka rage suna nuna iyakar abin da kuɗi ke iya saya. Naira 4,000 tana sayen wake da ƙwai da sabulu, ba ta haƙa rijiyar burtsatse, ba ta kawo ungozoma ɗakin shan magani, ba ta kashe sauro, ba ta kuma tare ambaliya irin ta 2022 da ta cinye gonaki a sassa da dama na jihar. Hukumar da ta raba kuɗi ta ɗauka ta sauke nauyin ruwa da asibiti ta yaudari kanta.

Haka kuma a lura cewa sakamakon na ƙananan hukumomi biyar ne a haɗe, uku a Jigawa, biyu a Zamfara. Ba daidai ba ne a ɗauke shi a liƙa wa Buji ita kaɗai, balle a ce haka zai kasance a Miga mai fadama, ko a unguwannin bayan garin Dutse inda mutane ke sayen kusan duk abin da suke ci.

4.4 Tabbas

Mun zo kan abin da na ɗauka shi ne zuciyar al'amarin. Matar da aka rubuta tana da ciki wata huɗu ta san za ta karɓi kuɗi kusan sau talatin, jimla fiye da naira 100,000 a kuɗin wancan lokaci, lokacin da naira 3,500 ke daidai da dalar Amurka 21 ko 22. Sanin nan shi kansa dukiya ne. Da shi take iya shiga adashi ba tare da tsoron ranar zubi ba, uwar adashi kuma ta karɓe ta. Da shi mai shago ke ba ta bashin gishiri da mai. Da shi take iya barin akuyarta ta haihu, maimakon ta kai ta kasuwar Shuwarin a tsakiyar damina lokacin da kowa ke sayarwa, farashi ya faɗi. Da shi kuma mijinta ke iya rage kwanakin ƙwadago ya tsaya a gonarsa. Watau tabbas shi ne abin da ke karya zagayen da Polly Hill ta bayyana, domin yana kai kuɗi cikin watannin da babu. Su ma masu binciken sun jaddada cewa kasancewar kuɗin tabbatacce ne, mai kauri kuma, yana cikin dalilan nasarar.

Mai ja da wannan ra'ayi zai iya kawo gwajin da Johannes Haushofer da Jeremy Shapiro suka yi a yammacin Kenya tare da ƙungiyar GiveDirectly, wanda aka buga a 2016. A can an ga cewa waɗanda aka ba kuɗi a dunƙule sun fi sayen kadara irin rufin kwano, waɗanda aka ba wata-wata kuwa sun fi samun wadatar abinci. Sai ya ce ashe in jari ake so, dunƙulen ya fi. Amsata ita ce, matan ƙasar Hausa suna da tasu dabarar mai da ɗan kaɗan ya zama dunƙule, ita ce adashi, kuma da yayyafi kogi kan cika. Amma adashi ba ya yiwuwa sai da zubi mai ɗorewa. Dunƙulen Kenya ma an sanar da masu karɓa adadinsa tun da wuri. Abin da bai da amfanin ko ɗaya daga cikin biyun shi ne kuɗin da ba a san ranar zuwansa ba.

5.0 ABIN DA YA BIYO BAYA

Tun kafin wannan gwaji Jihar Jigawa na da nata tarihi. A 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 kowane wata domin a raba su da bara. A wancan lokaci mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta yanka naira 5,500 ne, ke nan tallafin ya ɗara albashin ƙaramin ma'aikaci. Albashin ya koma naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sa'an nan 70,000 a 2024, alhali tallafin ya yi shekara da shekaru bai motsa daga inda aka ajiye shi ba. Wannan shi ne ciwo na farko: adadin da aka rubuta a takarda ya daɗe a tsaye, amma abin da yake saya ya yi ta narkewa.

Gwamnatin Tarayya kuma ta fara nata shirin a ƙarshen 2016, na naira 5,000 kowane wata ga gidajen da ke cikin rajistar talakawa ta ƙasa, ana biya wata bibbiyu, galibi a hannun mata. An gudanar da shi da rancen Bankin Duniya da kuma dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta mayar, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka amfana. Ta fuskar hannun da ake danƙa wa kuɗin, shirin ya yi daidai. Amma biyan ya sha tsaiko, a yi watanni shiru, sa'an nan a zo a biya bashin a haɗe. Naira 5,000 da ta kai kimanin dala 16 a farkon shirin, ba ta kai dala huɗu ba a 2024.

Bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, sai aka ƙaddamar da wani sabon tsari a watan Oktoba na shekarar, na naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. A Janairu 2024 aka dakatar da ministar ma'aikatar jinƙai, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafi domin bincike, daga baya aka ci gaba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. An kuma ɗaure biyan da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki ko na waya, abin da ke da kyau wajen toshe sata, amma yake da wuya ga matar ƙauye wadda ba ta da waya, kuma mai na'urar cire kuɗi mafi kusa da ita yana garin da ake cin kasuwa, zai kuma cire ladansa.

In aka auna wannan tsari da na Buji, bambancin a fili yake. Can biya kusan talatin ne a jere, nan uku ne, ba a kuma san tazarar da ke tsakaninsu ba. Kuɗin da ya zo haka zai biya bashi, ya sayi hatsin 'yan kwanaki, kuma wannan ma taimako ne ga mai jin yunwa. Amma ba mai shiga adashi da shi, ba mai ƙin sayar da akuya saboda shi. In daga baya aka auna aka ga bai canza rayuwar kowa ba, masu cewa talaka ba ya iya riƙe kuɗi za su ce ga shi mun faɗa, alhali laifin na tsarin biyan ne.

Abin mamaki shi ne, ka'idar da ake nema tana nan cikin abin da muka gada. Zakka mallaka ce ake yi wa mabukaci, ba a bin sa a tambaye shi me ya yi da ita, kuma malaman mazhabar Malikiyya sun halatta a ba shi abin da zai ishe shi shekara. Tana da lokaci sananne, zakkar hatsi kuwa da awo ake fitar da ita, saboda haka faɗuwar naira ba ta rage mata auki. Masarautar Dutse, tun zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, ta yi suna wajen tara zakkar hatsi da dabbobi ta hannun hakimai da dagatai, a raba a gundumar da aka tara. Ba ina cewa a mai da tallafin gwamnati zakka ba ne, domin kowanne da hukuncinsa. Ina nuni ne da cewa isa, da sanin lokaci, da auna tallafi da abinci, ba baƙin tunani ba ne a wurinmu.

6.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, gwajin da aka yi a Buji da sauran ƙananan hukumomi huɗu ya nuna cewa matan karkara sun iya riƙe kuɗi, sun kuma iya juya shi. Bai nuna cewa kuɗi shi kaɗai ya wadatar ba, bai kuma nuna cewa kowane irin rabon kuɗi zai haifar da abin da aka gani ba. Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, duk shirin da za a yi a faɗi wa'adinsa da ranar biyansa tun farko, a kuma ware kuɗinsa cikin doka, gara a ɗauki gidaje kaɗan a biya su kan lokaci da a rubuta miliyoyi a bar su suna jira. Na biyu, a ɗaure adadin da farashin kwanon gero ko na dawa a kasuwannin jihar, a riƙa duba shi kowace shekara, a kuma ƙara kauri a watannin Yuli da Agusta. Na uku, a buɗe ƙofa ta daban ga tsofaffi da zawarawa masu marayu, da ma'auni bayyananne wanda gari zai iya shaida. Na huɗu, kada a lissafa kuɗin tallafi a madadin ruwan sha da asibiti.

Akwai kuma aikin da ya rage a wuyanmu, mu malaman kwalejojin ilimi. Yaran da aka haifa a ƙauyukan Buji a 2015 sun kai shekarun kammala firamare, kuma ɗalibanmu ne ke koyar da su, wasu a lokacin gwajin koyarwa, wasu bayan sun kama aiki. Rajistar makarantun nan tana iya gaya mana ko yaron da uwarsa ta karɓi tallafi ya fi zuwa aji, ko ya fi saurin iya karatu, ko kuwa ƙaruwar sana'ar uwa ta ƙara wa 'yarta kwanakin talla ne. Wannan bincike ne da ba ya bukatar kuɗin waje mai yawa, yana bukatar mai jin harshen mutanen, wanda za a bari ya shiga cikin gida ya zauna a kan tabarma. Ina roƙon wannan taro ya ɗauke shi cikin ƙudurorinsa.